Arhar Masar da Ake Ba Ka Labari

Assalamu alaikum ƙanena. Da fatan kana lafiya, da su Baba da Inna da sauran yaran gida.

Saƙonka ya iso. Ka ce ka samu gurbin karatun harhaɗa magunguna a nan Alƙahira, kuma wani abokinka ya ce maka yanzu Masar ta yi arha tunda kuɗinsu ya karye, dala ɗaya ta kai wajen fam 50. Shawararsa ita ce ka nemi kuɗin shekarar farko kawai, sauran ka riƙa taɓa 'yar sana'a a gefe kana biya. Kana tambayata ko haka ne. Amsar ta fi ƙarfin saƙon murya, kuma ba kai kaɗai ke yi mini wannan tambaya ba, shi ya sa na rubuta ta a fili.

Abokin naka bai yi ƙarya a kan farashin dala ba. A farkon 2022 dala ba ta kai fam 16 ba. Aka karya darajar fam a watan Maris na shekarar, aka sake a Oktoba, aka ƙara a Janairun 2023 har ta kai wajen 30. Ranar 6 ga Maris 2024, daga safe zuwa yamma, ta tashi daga kusan 31 zuwa kusan 50. To amma ba don a sauƙaƙa wa baƙo aka yi haka ba. Kuɗin ya faɗi ne domin ƙasar na neman dala ido rufe, kuma ƙasar da ke cikin wannan hali, in ta kalli ɗalibi baƙo, dala take gani. Kuɗin makarantarka da dala za a yanka maka shi, ba da fam ba. Faɗuwar fam ba ta rage maka ko sisi a wannan wajen ba.

Ina so ka san yadda aka kai nan, domin wanda zai zauna shekara biyar ko shida a ƙasa ya kamata ya san ciwon da ke damun ta.

Masar ta taɓa shiga wannan rami tun kafin a haifi kakanninmu. Muhammadu Ali Fasha, wanda ya mulki ƙasar daga 1805, ya kafa masaƙu da ma'aikatun makamai da na jiragen ruwa, yana son audugar Masar a kaɗa ta a saƙa ta a Masar. Yarjejeniyar ciniki da Ingila ta ƙulla da Daular Usmaniyya a 1838 ta buɗe kasuwar ga kayan Turai, sannan a 1841 aka tilasta masa rage sojojinsa, waɗanda su ne manyan masu cin kayan masana'antun. Ma'aikatun suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Ƙasar ta koma noma auduga, a loda ta ɗanya zuwa Ingila, a dawo mata da yadi ta saya.

Jikansa Isma'il ya hau mulki a 1863, daidai lokacin da yaƙin basasar Amurka ya sa auduga ta yi tsadar da ba a taɓa gani ba. Kuɗi suka shigo, bankunan Landan da Faris suka yi ta miƙo masa rance. Ya gina fadoji da layin dogo da sabuwar Alƙahira irin ta Turai, wadda har yau kana ganin gine-ginenta a tsakiyar gari, ya yi gagarumin bikin buɗe mashigin Suez a 1869. Yaƙin Amurka ya ƙare, farashin auduga ya faɗo, bashi kuwa yana nan da kuɗin ruwansa. A 1875 ya sayar wa Ingila hannun jarin Masar a mashigin Suez kan fam miliyan 4 na Ingila. Bai isa ba. A 1876 ƙasar ta kasa biya, bashin ya haura fam miliyan 90, Turawa suka kafa hukumar da ke karɓar harajin Masar kai tsaye tana biyan masu bin bashi. A 1879 aka tsige Isma'il, a 1882 sojojin Ingila suka shigo. Duk yaron firamare a nan ya san wannan labari, kuma shi ya sa in ka ji Bamisire na zancen sayar da kadarorin gwamnati yana ɗaga murya, kada ka ɗauka faɗa yake yi da kai.

Sun sake ginawa, kuma a gaskiya sun yi ƙoƙari. Ɗal'at Harb, wanda gunkinsa ke tsaye a wani dandali a tsakiyar Alƙahira, ya kafa Bankin Misra a 1920 da kuɗin 'yan ƙasa, daga nan aka kafa babbar masaƙar Mahalla al-Kubra a 1927. Zamanin Jamal Abdul Nasir aka yi kamfanin ƙarfe na Helwan, da kamfanin motocin Nasr, da madatsar ruwa ta Aswan. Masana'antun gwamnati ne, da cututtukan da ka sani: ma'aikata sun fi aiki yawa, injuna na tsufa ba a sauyawa, shugabanni na siyasa. Da magajinsa Sadat ya buɗe ƙofar kasuwar ƙasar ga waje a 1974, abin da ya fi shigowa kayan sayarwa ne, ba jarin kafa ma'aikata ba. Aka ci gaba da rance ana sayen alkama. A Janairun 1977 aka taɓa tallafin burodi don a gamsar da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, gari ya kama da wuta, gwamnati ta janye cikin kwana biyu.

A 1991, bayan Masar ta shiga yaƙin ƙwato Kuwaiti, aka yafe mata wajen rabin bashin da ƙasashen Yamma ke bin ta. Cikin sharuɗɗan akwai ta sayar da kamfanonin gwamnati. An sayar da da yawa, aka sallami dubban ma'aikata da sunan ritayar wuri, wasu masu sayen ma filin suke so ba injin ba. Gonakin auduga da suka kusa feddan miliyan 2 (feddan ɗaya kusan eka ɗaya ce) a shekarun 1960 suka koma 'yan dubu ɗaruruwa. Kamfanin Nasr ya daina ƙera mota a 2009. A Janairun 2021 aka yanke shawarar rufe kamfanin ƙarfe na Helwan, mai ma'aikata kimanin 7,000.

Kada ka fahimce ni a karkace. Masar ta fi mu masana'antu nesa ba kusa ba. Je ka garin Ashir min Ramadan ko Sitta Oktoba ka ga ma'aikatun darduma da wayar lantarki da firji da magunguna. Matsalar ita ce yawancinsu sai an shigo musu da kayan haɗi daga waje da dala kafin su juya. Abin da ƙasar ke saye daga waje ya kusa ninka abin da take sayarwa, ga baki sama da miliyan 105, kuma tana sahun gaba a duniya wajen sayen alkama. Wannan giɓi ana cike shi ne da kuɗin mashigin Suez, da na masu yawon buɗe ido, da abin da 'yan ƙasa mazauna waje ke aikowa. Duk ba a hannunta suke ba. In sun gaza, sai rance.

Kuma an ranta. Bashin waje da bai kai dala biliyan 50 ba a 2014 ya haura biliyan 160 a 2023. IMF ta ba da biliyan 12 a 2016, ta ƙara wajen biliyan 8 a 2020 lokacin korona, ta sake a 2022. Me aka yi da kuɗin? Gadoji da manyan tituna, tashoshin lantarki, sabon babban birni a cikin hamada mai dogon benen da ya fi kowanne tsawo a Afirka, ga tashar nukiliya ta Daba'a da Rasha ta ba da rancen dala biliyan 25 dominta. Wasu ayyukan suna da amfani, ni ma ina hawan jirgin ƙarƙashin ƙasa ina jin daɗinsa. Amma gada ba ta kawo dala, kuma da dala za a biya. Kamar manomi ne da ya ci bashi ya shafe gidansa da siminti, gonar kuwa ya bar ta ba taki. Hausawa sun gama magana da suka ce rance da daɗi, ranar biya da wuya.

Akwai kuma wani nau'in bashin da ya fi haɗari. Gwamnati ta riƙa ba da kuɗin ruwa mai tsoka a kan takardun lamuninta, sai masu jari daga waje su kawo dala su saya don riba ta 'yan watanni. Da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a Fabrairun 2022, sama da dala biliyan 20 na irin wannan kuɗi suka fice cikin ɗan lokaci, a daidai lokacin da alkama da mai suka yi tsada. Kaya suka maƙale a tashoshin jiragen ruwa babu dalar fito da su. A Oktoban shekarar masu kiwon kaji suka riƙa kashe 'yan tsaki saboda babu masara da waken suyan da za a ba su. Hauhawar farashi ta kai kashi 38 cikin ɗari a Satumbar 2023. Aka dawo ɗauke wuta bi da bi a tsakiyar zafi, abin da mutane suka ɗauka sun rabu da shi. A kasuwar bayan fage dala ta taɓa fam 70. Sannan hare-haren 'yan Huthi a Bahar Maliya suka kori jirage, kuɗin Suez ya faɗo daga wajen dala biliyan 10 a 2023 zuwa wajen biliyan 4 a 2024.

Abin da ya tsayar da jinin shi ne cinikin Ra'asul Hikma a Fabrairun 2024: Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta zuba dala biliyan 35, ta samu damar gina wani yanki na gaɓar Bahar Rum. IMF ta faɗaɗa rancenta zuwa biliyan 8. A watan Yuni aka ɗaga farashin burodin tallafi daga kirshi 5 zuwa 20 (kirshi ɗari ne fam ɗaya), karon farko cikin sama da shekara talatin. Al'amura sun ɗan lafa tun daga nan, hauhawar farashi ta sauko, amma kuɗin ruwa kaɗai na cinye kusan rabin abin da gwamnati ke kashewa. Ra'ayina shi ne an sayi lokaci ne, ba a warke ba, domin ba a biyan bashin dala da sayar da fili kowace shekara.

Wannan labari ai ba baƙo ba ne a wurinka. Kai da ka tashi kana jin Baba na zancen Kakuri a Kaduna lokacin da jiniyar masaƙu ke tada mutane, masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 da ta UNTL da ta Arewa, yau ka ga abin da ya rage. Shiga Kantin Kwari ka duba daga ina atamfar take. Mu ma a Najeriya an yafe mana bashin dala biliyan 18 a 2005, muka sake tarawa. Na kawo wannan ne don dalili ɗaya: kuɗinka daga naira zai fito. Dalar da ake samu a hukumance wajen naira 460 a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a shekarar da ta biyo. Wato kana tsakanin kuɗi biyu marasa lafiya, kuma makarantarka na karɓar na uku. Na ga yaran da suka fara aji uku da kyakkyawan sakamako, suka tattara suka koma gida, ba don sun faɗi jarrabawa ba.

Batun sana'a a gefe kuwa, cire shi daga lissafi gaba ɗaya. Iƙamar ɗalibi, wato takardar izinin zama, ba takardar izinin aiki ba ce, kuma dokar ƙwadago ta taƙaita yawan baƙin da kamfani zai iya ɗauka. Ko da babu doka, da wa za ka yi gogayya? Da ɗan ƙasa mai digiri da ke tuƙa tuk-tuk, wato adaidaita-sahu, a inda mafi ƙarancin albashi da aka ɗaga zuwa fam 7,000 a 2025 bai kai dala 150 ba. Wasu daga cikinmu suna rakiyar marasa lafiya da suka zo daga gida suna yi musu tafinta a asibitoci, wasu na aika jallabiya da abaya da littattafai. Ana samun na cefane, amma aiki ne mai cin lokacin darasi, kuma kai da ɗakin gwaje-gwaje zai riƙe ka har la'asar ba ka da wannan lokacin. Haya ma ta tashi, musamman tun da yaƙin Sudan ya koro mutane daga Afrilun 2023. A wurare irin su Madinat Nasr da Faisal da Sitta Oktoba mai gida na iya ƙara maka kuɗi duk sabunta yarjejeniya, wani ma ya nemi dala. In kuma ka bar iƙama ta mutu, a 2023 an fitar da umarnin cewa wanda ke zaune ba bisa ƙa'ida ba sai ya biya dala 1,000 kafin ya gyara zamansa.

Ban ce kada ka zo ba. Karatun yana da kyau, malamai sun san aikinsu, za ka ga marasa lafiya da magunguna fiye da yadda littafi zai nuna maka, kuma ful da ɗa'amiyya da koshari har yanzu suna riƙe cikin ɗalibi da kuɗi kaɗan. Da a ce Shari'a ko Usuluddin za ka yi a Azhar, musamman da gurbin ɗakin kwana a Madinatul Bu'us, masaukin ɗalibanta baƙi, da lissafin ya yi sauƙi sosai. Naka daban ne.

Ga abin da nake so ka yi. Ka nemi makarantar ta ba ka kuɗin dukan shekarun a rubuce, har da na rajistar farko da ake ɗora wa wafidai, wato ɗalibai baƙi, ka tambaya ko adadin zai tsaya yadda yake har ka gama. Ka tabbatar hukumar masu harhaɗa magunguna ta gida ta amince da takardar makarantar, domin akwai jarrabawar da ke jiran ka in ka koma. Kada ka ba kowane dillali kuɗi ba tare da rasit mai hatimin makaranta ba. Sannan ku zauna da Baba ku lissafa komai da dala, ku ɗora kashi ɗaya cikin huɗu a kai saboda abin da ba a sani ba. In kuɗin shekara biyu na farko na hannu, kuma an san inda na sauran za su fito ba tare da an taɓa gonar bayan gari ba, ka sanar da ni in fara nema maka ɗaki. In ba haka ba, ka riƙe gurbin da ka samu a gida, mu yi maganar digiri na biyu daga baya.

Ka turo mini hoton takardar shaidar gurbin in duba ta da kaina. Ka gaida Inna, ka ce mata maganin ƙafarta na nan tafe a hannun mai zuwa.