Hitar sama da ɗumi, ta ƙasa sanyi ƙalau: famfon ne ya mutu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Manchesta ta ƙasar Ingila. Da sanyi ya shigo a watan Oktoba na kunna ɗumama gida, sai boila, wato na'urar da ke dafa ruwan ɗumamar, ta kama na 'yan mintuna ta mutu. Hitocin ɗakunan sama suna ɗan ɗumi, na ƙasa kuwa kamar ƙanƙara. Famfon da ke tura ruwa zuwa hitoci, wanda ke kusa da tankin ruwan zafi, yana gunji, jikinsa zafi zau. Sabo zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka yi saurin fitar da kuɗinka tukuna. Bisa abin da ka zayyana, na fi zaton famfon bai ƙone ba, cijewa ya yi.

Ruwan zafi ya fi na sanyi rashin nauyi, don haka ko ba a tura shi ba yakan lallaɓa ya hau sama, shi ya sa ɗakunan bene suka samu ɗan rabonsu. Boila kuma tana dafa ruwan da ba ya tafiya ko'ina, zafi ya yi mata yawa, ta kashe kanta. Gunjin da kake ji ya nuna wuta na isa famfon, ke nan bar batun fis. Matsalar ita ce tun bazara yake zaune ba aiki, baƙar lakar tsatsa da ke fitowa daga cikin hitoci ta kwanta ta riƙe sandar da ke juya farfelarsa.

Kashe wutar na'urar gaba ɗaya daga makunninta na bango, ka bari ruwan ya huce sosai, don yana iya saɓule fata. Idan famfon irin tsohon samfurin kamfanin Grundfos ne ko Wilo mai gudu uku, za ka ga wani faffaɗan sukuru a tsakiyar fuskarsa. Shimfiɗa tsumma a ƙasa, ka rufe akwatin wayoyinsa kada ya jiƙe, sannan ka kwance sukurun. Ruwa kaɗan zai ɗigo, ba komai. A ciki akwai kan sandar mai tsaga. Sa ƙaramar sukudireba ka murɗa a hankali, dama da hagu. Da farko za ta yi gardama, sai ka ji ta saki. Ci gaba har ta riƙa juyawa sumul, ka mayar da sukurun, ka kunna. Sau da yawa nan aikin yake ƙarewa, kuma iskar da ta maƙale a ciki ta fita tare.

In sandar na juyawa da hannu amma famfon ba ya iya tashi da kansa, to kafasitarsa ce ta gaji, kamar fankar sama da sai an tura ta da sanda take kamawa. Ana iya canza ta, sai dai famfon da ya haura shekara 10 ni ban cika ba da shawarar a yi ta lallaɓa shi ba. Sababbin sun fi shi ƙarancin cin wuta nesa ba kusa ba. Haka ma in kana jin ƙarar gurzar ƙarfe, ko ruwa na tsatsafowa daga jikinsa, gara a canza famfon.

Wannan duk don naka a wajen boila yake. Wanda famfonsa ke cikin boilar gas kada ya buɗe murfinta, aikin injiniya ne mai rajistar Gas Safe, wato rajistar waɗanda aka amince su yi aikin gas a Ingila. Abin da zai iya shi ne duba agogon matsin ruwa, ya tabbata yana tsakanin 1 da 1.5 a ma'aunin bar idan ruwan ya huce. In kuma haya kake, sanar da mai gidan a rubuce, domin dokar haya ta 1985 shi ta ɗora wa gyaran kayan ɗumama gida.

Idan ruwan da ya ɗigo baƙi ne wuluk, famfon zai sake cijewa, ko da sabo ne. Sa mai gyara ya wanke bututun, ya zuba maganin hana tsatsa, ya ɗaura matatar maganaɗisu. Da bazara kuma ka riƙa kunna ɗumamar na minti 10 sau ɗaya a wata.