Auna adaftar kafin ka ɗaura mata lens

Ka ce ka ga tsofaffin lens na zamanin fim, kana so ka san ko za su hau babbar kyamarar nan mai faffaɗan sensa, wato farantin da ke kama hoto a madadin fim, GFX ta kamfanin Fujifilm, tunda nata na asali sun fi ƙarfin aljihunka. Za su hau, ɗana. Da a nan ka tsaya, da na ce ka je ka gwada ka bar ni in yi aikina. Amma sai ka ƙara da cewa kowace adafta, wato zoben da ke haɗa baƙon lens da kyamara, ai ɗaya ce, bututu ne kawai. Wannan maganar ce ta sa na ajiye abin da ke hannuna, don da ita wani yaro da ya riga ka zama a kujerar nan ya jawo mana asarar da har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Yadda ake haɗa ɗigo da ɗigo a murɗa lens har ya yi ƙas, ba zan ɓata bakina a kai ba. Wanda bai iya wannan ba, shara ya kamata a ba shi.

Kowane lens an ƙera shi ne ya zauna a wata tazara daga fim ko sensa, ba ƙari ba ragi. Ta GFX milimita 26.7 ce. Ta Canon EF 44, Nikon F 46.5, Mamiya 645 63.3, Pentax 645 70.87, Hasselblad V 74.9, Pentax 67 kuwa ta kusa 85. Aikin adafta ta cike gibin da ke tsakani. Ka ɗebe 26.7 daga 44, kaurin adaftar Canon ke nan, 17.3. Ta Mamiya 645, 36.6. Duk lens ɗin da tazararsa ba ta kai 26.7 ba, ka manta da shi: Sony E 18 ce, Nikon Z 16, Canon RF 20, sai dai in cikin kyamarar za ka cusa shi. Na Mamiya RB67 da RZ67 kuma ba su da zoben fokas a jikinsu, zuga-zugin kyamararsu ne ke matso da su, don haka adaftarsu dole ta zo da nata zoben mai miƙewa. In kuwa Pentax 645Z ce a hannunka, mai madubi, labari ya kusa ƙarewa, sai lens na 67 da na Hasselblad V, don tazararta ta riga ta cinye wurin.

Sai zancen da'irar hasken da lens ke jefawa a bayansa. Fim ɗin 35mm faɗinsa 36 a 24, daga kusurwa zuwa kusurwa 43.3. Wannan sensa 43.8 ne a 32.9, kusurwa zuwa kusurwa kusan 55. Lens na 645 an yi shi ya rufe wajen 70, na 6x6 wajen 79, waɗannan ba ruwansu, tsakiyarsu kawai kake ci, kuma can ne mai kyau. Na ƙananan kyamarori ne caca. Dogaye masu jawo nesa, daga milimita 85 zuwa sama, da yawa suna rufewa. Gajeru masu faɗin gani da zum, galibi duhu za su yi maka a kusurwa. Duhun ma iri biyu ne, ku yaran yanzu ba kwa rarrabewa. Akwai mai laushi da ke dusashewa a hankali, in ka tsuke ƙofar haske zuwa f/8 sai ya ragu, kwamfuta ta ƙarasa. Akwai baƙi ƙirin mai kaifin baki, wanda ƙarfe ne ko roba ya tare hanya, ko hular lens, ko murfin da ke bayansa. Wannan in ka tsuke ƙara fitowa yake yi, kuma babu manhajar da za ta dawo da abin da haske bai taɓa ba. Ka gwada shi a ƙurewar nesa, don da'irar faɗi take ƙarawa in ka yi fokas kusa, sai lens ya yaudare ka a kan tebur ya tona maka asiri a fili. Lens masu gocewa, waɗanda ake iya zame su gefe ko a karkata su, irin Canon TS-E 24 na biyu da'irarsu ta haura 67, su kam sun wuce tambaya. Wanda ya ƙi rufewa, akwai yanayin 35mm a menu da ke yanke hoton: GFX mai megafiksel 51 ta koma 30 da rabi, mai 102 ta koma 60. To me ya kai ka sayen babbar kyamara?

Lissafin faɗin gani kuwa ka ninka tsawon lens da 0.79. Lens 80 zai yi maka kamar 63 a kyamarar 35mm, shi ke nan.

Yanzu saurari abin da bututu ya yi mana. Wani dillalin zane-zane ya kawo aiki: a ɗauki hotunan zane arba'in da wani abu don buga littafi, kafin a raba su ga waɗanda suka saya. Aikin da ba ya yafe kuskure, don abu ne shimfiɗaɗɗe, dole kusurwa huɗu su yi kaifi kamar tsakiya. Lens ɗin da aka ware Mamiya 120 f/4 makuro ne, wato mai ɗaukar abu kurkusa, wanda ba a taɓa kama shi da laifi ba. Adaftarmu ta kirki tana wurin wani aikin. Yaron bai tambayi kowa ba, ya je ya samo wata marar suna, ya ɗaura, ta yi ƙas, ya ce an gama. Kwana uku ana aiki. Kowane zane zai ƙara girman tsakiyarsa a allon kyamara, ya ga zaren yadin ya fito ɗaya bayan ɗaya, ya danna a f/5.6, ya wuce na gaba. Gefe bai taɓa leƙawa ba ko sau ɗaya.

Sai da fayil ya isa wurin mai buga littafi ya buɗe shi a babban allo. Gefen hagu dai dama-dama. Dama kuwa, daidai inda mai zane ya sa hannu, kamar an shafa man shafawa a gilashi. Ba ɗaya ba, ba biyu ba, duka. Aka ce a sake, zane sun riga sun watse, kowanne yana bangon mai shi. Dillali ya hana cikon kuɗi, ya tsaya kai da fata sai an mayar masa da kafin alƙalami, aka mayar don kada suna ya ɓaci. Bayan 'yan watanni sai ga littafin ya fito da hotunan nan dai, an ƙanƙanta su yadda laifin ba zai fito ba, ko sunan shagon babu. Ya ci aikin kwana uku a banza, kuma da hujjarsa a hannu, mu muka ba shi.

Da aka sa adaftar a maikiromita, wato ma'aunin kauri, aka auna ta wuri huɗu, gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri da milimita 0.2. Kaurin takarda biyu ke nan. Kana dariya? Yi lissafi. Bakin kyamarar faɗinsa 65, sensa 44, wato karkatar da ta isa sensa wajen 0.13, kowane gefe ya kauce da kusan 0.07, ɗaya gaba ɗaya baya. A sensa mai megafiksel 102 kowane ɗigo maikiron 3.76 ne, maikiron kuwa kashi ɗaya bisa dubu ne na milimita, kuma a f/5.6 rangwamen da fokas ke yi maka bai wuce milimita 0.04 ba. An zarce shi kusan ninki biyu. Dalilin da ya sa gefe ɗaya ya fi muni, kusan kowane lens filin fokas ɗinsa yana da ɗan lanƙwasa. A hagu karkata da lanƙwasa suka kashe juna, a dama suka haɗu suka yi taron dangi. A zamanin fim da wannan ya ɓuya cikin ƙwayar fim. Sensa ba ya rufa wa kowa asiri.

Don haka ga abin da za ka yi wa kowace adafta, mai tsada ko mai araha, ranar da ta shigo hannunka, ba ranar aiki ba, don ba a fafe gora ranar tafiya. Auna kaurinta wuri huɗu. Ɗaura lens ka girgiza shi a hankali, in ka ji yana motsi ko ƙusar makulli ba ta shiga raminta sosai ba, mayar musu da kayansu. Sannan manna jarida a bango mai santsi. Kafa kyamara a kan ƙafa uku, ɗora madubi a bangon, ka gyara har sai ka ga idon lens ɗin a tsakiyar hoto cif, lokacin ne kyamara ta fuskanci bango sosai. Cire madubin, buɗe ƙofar haske gaba ɗaya, yi fokas a tsakiya, ɗauka, kai kwamfuta ka duba kusurwa huɗu a ɗari bisa ɗari. Duk huɗun su yi laushi daidai da juna, halin lens ne. Biyu kaifi biyu laushi, akwai karkata. Canja lens ka maimaita: laifin ya zauna a gefensa, adafta ce, ya tashi, lens ne. In karkatar kaɗan ce, ana kwance sukurorin bakin adafta a sa siririn farantin tagulla a gefen da ya gaza, a ɗaure a sake aunawa. Kada ka sa takarda, tana shan danshi ta lotse.

Akwai wata cutar kuma. Masu ƙera adafta da yawa da gangan suke rage mata kauri kaɗan don kowane lens ya kai ƙurewar nesa. A dogon lens ba komai, zobe zai ɗan wuce alama kawai. A gajere, misali 28, ragin 0.2 zai sa kana kallon dutse can nesa zobe yana nuna maka mita huɗu. In lens ɗin irin wanda gilasan ciki ke motsi daban-daban ne yayin fokas, sai su zauna a mazaunin mita huɗu alhali aikin nesa suke yi, kusurwoyi su lalace, kai kuma ka hau zagin lens. Ka kuma haska tocila cikin adaftar. In ka ga cikinta yana ƙyalli, haske zai yi ta tsalle ya wanke maka tsakiyar hoto ya zama fari-fari. Baƙin yadi mai gashi-gashi ake mannawa a ciki, mai manne a baya, wanda ba ya zubar da zare kan sensa.

Lens mai nauyi, irin dogayen Pentax 67, kada ka bar shi yana reto a bakin kyamara. Adafta mai ƙafa ake saya, a ɗaure ƙafar a kan ƙafa uku, kyamara ce za ta rataya. Nauyi kaɗai yana haifar da karkatar da na gama ba ka labari.

Ƙofar haske kowane gida da halinsa. Mamiya 645 akwai maɓalli A da M, ka kai shi M. Pentax 67 ka kai MAN. Hasselblad V sai shotar da ke cikin lens tana ɗane kafin ido ya buɗe, sannan ka danne maɓallin duba zurfin fokas ya tsaya. Nikon G ba shi da zoben ƙofar haske, adafta mai ɗan hannu yake so, kuma ba za ka san ainihin lambar da kake kai ba. Canon EF ba ya motsi sai da adafta mai lantarki. Waɗannan masu lantarkin suna ba da fokas mai sarrafa kansa, amma a kan masu megafiksel 51 lalube yake yi gaba da baya, kada ka dogara da shi ga abu mai motsi.

Na ji kana sha'awar Hasselblad X1D don kyanta. To ka sani ba ta da shota a jikinta, a cikin lens nata take. Ka ɗaura baƙon lens, sai shotar lantarki, kuma sensa mai megafiksel 50 yana ɗaukar kusan kashi ɗaya bisa uku na daƙiƙa kafin ya karanta hoto daga sama zuwa ƙasa. Mutum ya motsa, fuskarsa ta karkace. Filasha babu. A ƙarƙashin fitilar LED mai ƙiftawa sau ɗari a daƙiƙa, layi-layi wajen talatin za ka ƙirga a hoton. GFX tana da shotarta a jiki, shi ya sa ta fi karɓar baƙi, sai dai in da filasha ne saurin shota ba ya wuce 1/125 na daƙiƙa.

A menu ka kunna izinin ɗauka ba tare da lens ba, in ba haka ba ka yi ta danna maɓalli kana cewa ta lalace. Ka rubuta mata tsawon lens a wurin saitin adafta, gurbi shida ne. A masu hana rawar hannu, irin GFX100 ta 2019 da 100S da 50S II na 2021, wannan ba ado ba ne: ka bar 200 a rubuce ka ɗaura 45, sensa zai yi ta gyara rawar da babu ita, ya ƙirƙiro maka wata. Fokas kuma ka bar wannan jan layin da ke haskaka gefen abu, wanda kuke so don ba ya wahalar da ido. A f/1.9 ƙarya yake yi, zai yi ja a gira da ido da kunne lokaci guda. Ƙara girman hoto ka duba da idonka. Tsofaffin lens masu saurin haske fokas ɗinsu yana matsawa in an tsuke, don haka ka yi shi a lambar da za ka ɗauka, ko kusa da ita. Kada kuma ka ce za ka rufe laifin adafta da f/22. Daga f/11 zuwa sama hasken kansa yake fara bazuwa, ka yi laushi ko'ina maimakon gefe ɗaya.

Maikiromita tana aljihun teburin can na biyu, jaridu suna ƙarƙashin benci. Je ka kawo adaftar da ka ce ka gani, ka auna ta a gabana, ka rubuta lambobi huɗun a takarda. Lens ɗina ba zai hau ta ba sai na ga takardar.