Tambaya da Amsa: Baba ya ce darasin tufafi ɓata lokaci ne

Salam Anti, ina SS1 kuma wlh ina son ɗaukar darasin tufafi da yadi amma Baba ya ce aikin tela ne ba sai an je makaranta ba, dan Allah me zan ce masa? Ɗiyarki daga Zariya.

Wa'alaikissalam ɗiyata. Kar ki ja da Baba, ki same shi da ladabi ki faɗa masa darasi ne da aka sha zana jarrabawarsa a WAEC da NECO, kuma ba ɗinki kaɗai ba ne, za a koya miki zare kala-kala, saƙa, rini, da yadda ake gane yadi, misali in kin ƙona ɗan zaren auduga warin takarda yake ya bar toka, na roba kuwa narkewa yake ya dunƙule, wannan ilimin ai ko ɗan kasuwa a Kantin Kwari yana buƙatarsa. Ga jami'ar ABU nan kusa da ku, ana karantar zanen yadi har digiri. Amma fa ki fara bincika ko makarantarku na da malami da keken ɗinki, don wasu a allo kawai ake yi. In an yi hutu ki roƙi Baba ya kai ki marinar Ƙofar Mata a Kano ku gani tare.