Danginmu sun warwatsu a ƙasashe biyar: ta ina zan fara tattara tarihinmu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Zuri'ar kakan mahaifina ta bazu a ƙasashe biyar, har wasunmu ba sa jin yaren juna sosai. Dattawan da suka san asalin kowa saura uku, duk sun haura tamanin. Muna da zauren WhatsApp da ake turo tsofaffin hotuna, amma kafin mako guda sun nutse cikin gaishe-gaishe. Wace manhaja zan sauke in haɗa tarihin nan wuri guda? Kuma gwajin DNA zai taimaka? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malama, ki ajiye maganar manhaja tukuna, ki fara da dattawan nan uku. Takarda da hoto za su iya jira, amma babu tabbacin za ki samu mai shekara tamanin baɗi da irin tunanin da yake da shi bana.

Ki nemi ɗan'uwan da ke gari ɗaya da kowane dattijo ya je su zauna gaba da gaba. Kiran bidiyo yana yankewa, kuma tsoho mai nauyin ji yakan gaji da shi da wuri. Waya ta isa naɗar murya, muddin an sa ta a yanayin jirgin sama don kada kira ya katse, an ɗora ta kan zane mai laushi kamar kamu ɗaya daga bakin mai magana, an kashe fanka da talabijin. Idan manhajar naɗin ta ba da zaɓi, a ɗauki WAV, nau'in fayil ɗin murya da ba ya rage ingancin sauti. Awa guda kan ci megabayit 350 zuwa 700, kuma ya cancanci wurin. A farkon kowane naɗi mai tambaya ya faɗi kwanan wata, gari, sunansa da na dattijon, sannan dattijon ya faɗa da bakinsa cewa ya yarda a naɗa. Kada zama ya wuce awa guda. Gajerun zama uku sun fi dogo guda amfani, domin abin da aka tono yau yakan yi ta dawo wa mutum cikin dare, washegari sai ya zo da gyara da ƙari.

Kada a ce masa "ba mu tarihin gidanmu". Abin da za a samu shi ne labarin da ya saba bayarwa a taro, wanda yawan maimaici ya goge masa duk wani kaifi. Ƙananan tambayoyi ne ke buɗe baki: Su wa ke kwana a gidan da ka tashi? A me kuka bar garin? Wa ya tarbe ku da kuka sauka? Wa ake rubuto wa wasiƙa, wa ke karanta ta? A miƙa masa hoto a bar shi ya yi shiru da shi. A zauna da kowa shi kaɗai, don idan aka haɗa su ƙaramin zai yi kawaici ya bar babban ya yi ta magana ko da ya san ba haka aka yi ba. Kuma kowa ya yi magana da yaren da ya fi sakewa da shi. Fassara aikin baya ce, ba ta maye gurbin muryar asali. Rubuta hirar awa guda kalma bayan kalma kan ci awa huɗu zuwa shida, saboda haka a fara da ɗan jadawali kawai: minti na 12, labarin ƙaura, minti na 31, 'ya'yan wance.

Yanzu ga abin da ya fi komai muhimmanci, wanda kuma yawancin masu wannan aiki ke tsallakewa. Duk bayanin da za ki rubuta, ki rubuta shi tare da inda ya fito: wa ya faɗa, yaushe, kuma da idonsa ya gani ko ji ya yi, daga wa. Kamar isnadi ne, maganar da ba ta da shi ba a iya auna ta. Dangin da ke ƙasashe biyar sun shafe shekaru kowane reshe yana riƙe da nasa labarin. Wannan reshe zai ce kaka ya yi ƙaura ne saboda fatauci, wancan ya ce rigimar gado ce ta kore shi. Kada ki zaɓi ɗaya ki share ɗaya, kada kuma ki haɗa su ki ƙera na uku. Ki rubuta duka biyun, kowanne da sunan mai shi. Bayan shekara goma wata wasiƙa na iya fitowa ta raba gardamar, amma sai idan ba a riga an binne saɓanin ba. Yawan masu faɗin magana ma ba hujja ba ne: mutum takwas da duk daga goggo ɗaya suka ji, shaida ɗaya ce.

Sai lamba. A babban dangi takwarori ba sa ƙarewa, kuma haɗe mutum biyu masu suna ɗaya a mai da su ɗaya shi ne kuskuren da ya fi ɓata salsala. Ki ba kakan da kowa ya fito daga tsatsonsa lamba 1. 'Ya'yansa su zama 1.1, 1.2, 1.3 bisa jerin haihuwa. Ɗa na uku na 1.2 ya zama 1.2.3, haka har ƙasa. Inda mutum ya yi aure fiye da ɗaya, a ƙara harafin ɗakin: 1.2a.1, 1.2b.4. Lambar nan ta bi mutum a kan hotonsa, naɗin muryarsa da takardunsa. A kuma bambance ɗan ciki da ɗan riƙo da agola a rubuce, ba don a ware kowa ba, don kada jikoki su rikice.

Suna kansa yakan sauya da tsallaka iyaka. Mutum ɗaya ne Usman a takardar Ingilishi, Ousmane a ta Faransanci, Osman a wata ƙasar, ga kuma yadda aka rubuta shi da haruffan Larabci. 'Yan'uwa ciki ɗaya ma sukan rabu a fasfo: wannan ya sa sunan uba a matsayin sunan dangi, wancan na kaka, na uku sunan gari. Ki kwafe kowane suna daidai yadda yake a takardar da ya fito, ki ƙara laƙabin da aka fi sanin mutum da shi, kada ki "gyara" komai, domin da wancan rubutun ne za a nemo shi a ma'ajiyar takardun ƙasar. Haka sunayen wurare. Wanda aka haifa a 1950 a Gold Coast aka haife shi, sai 1957 ta zama Ghana. Dahomey ta koma Benin a 1975, Upper Volta ta koma Burkina Faso a 1984. A rubuta sunan lokacin, a bi shi da na yanzu.

Kwanan wata ma tarko ne. 03/04/1962 a Amurka 4 ga Maris ne, a mafi yawan ƙasashe kuwa 3 ga Afrilu. Ku daidaita kan shekara, wata, rana: 1962-04-03. Idan kin ga 1 ga Janairu a takardar shige da fice, ki yi shakka, don sau da yawa ita ake sa wa wanda bai san ranar haihuwarsa ba. Shekarar Hijira ana kimanta ta da ninkawa da 0.97 a ƙara 622, wato 1350 ta faɗo wajen 1931. Kalandar Habasha kuma tana bayan ta Miladiyya da shekara 7 zuwa 8. Abin da aka kimanta a sa masa "wajen", kada ya shige a matsayin tabbas.

Hotunan da ke zaurenku ba su ne za a adana ba, domin WhatsApp yana matse hoto ya rage masa inganci. Duk mai asalin hoto ya kai shi na'urar sikana: a saita kaifin sikanin (dpi) a 600 ga ƙananan hotuna, 300 ga takardu, gaba da baya, don hatimin mai hoto ko rubutun baya yakan fi fuskar bayani. A adana babban kwafi a TIFF, nau'in fayil ɗin hoto mai cikakken inganci, a fitar da JPEG mara nauyi don rabawa, a turo a matsayin fayil, ba a matsayin hoto ba. Sunan fayil ya ɗauki shekara, lambar mutum da wanda asalin ke hannunsa. Asalin kuwa kada a yi masa laminatin, zafi da gam ɗinsa ba sa warwaruwa; kada a manna salatif, kada a yi rubutu da biro a baya, fensir mai laushi ya isa. Kasat na murya da na bidiyo a gaggauta juye su zuwa kwamfuta, tunda tun 2016 aka daina ƙera na'urar kallon VHS.

To, yanzu manhaja. Sharaɗi ɗaya ne ba a sassautawa: ta iya fitar da bayananki a fayil ɗin GEDCOM, wanda kusan duk manhajojin nasaba ke karantawa, don kada wani kamfani ya riƙe ku. Gramps kyauta ce, a kan kwamfutarki take aiki ba sai da intanet ba, kuma tana da gurbin rubuta madogara ga kowane bayani. FamilySearch ma kyauta ne kuma yana da tarin takardun ƙasashe, sai dai salsalarsa ta kowa da kowa ce, wani na iya sauya abin da kika shigar game da mamata. Ki yi bincike a can, amma babban kundin ya zauna a hannunku. Mutum ɗaya ne zai riƙa shigar da gyara a kundin, kowace ƙasa kuma a naɗa wakili guda mai tattarowa ya turo. Idan kowa na gyara nasa kwafin, cikin shekara guda za ku wayi gari da kundi biyar masu karo da juna.

Kwafi uku ake ajiyewa, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam. A nan warwatsuwarku ta zama riba: faifan ajiya na kwamfuta (hard disk) ɗaya a wannan ƙasa, ɗaya a waccan, na uku a ma'ajin intanet. Kada a dogara da filasha da aka jefa a durowa, takan rasa abin da ke cikinta in ta daɗe ba a jona ta ba. Google ma yana iya share asusun da ya shekara biyu ba a shiga ba. Sau ɗaya a shekara a buɗe kowane kwafi a gwada, mutum biyu aƙalla su san kalmar sirri, kuma a buga taƙaitaccen littafi a takarda a ba kowane reshe.

Bayanan rayayyu, irin cikakkiyar ranar haihuwa, adireshi, hoton fasfo da matsayin zama a ƙasa, kada su shiga kwafin da ake rabawa. Abin da ba komai ba ne a wata ƙasa yana iya jawo wa ɗan'uwa matsala a wata. Idan dattijo ya ce a rufe wani labari sai bayan ransa, a rubuta sharaɗin a jikin fayil ɗin a kuma cika shi.

Gwajin DNA kuwa shi ne na ƙarshe a layi. Yana iya tabbatar da dangantaka ta kusa, zuwa kakanni biyar ko shida, bayan nan alamar takan dusashe. Ba ya ba da suna, ba ya ba da labari, kuma kason "asalin ƙabila" da yake nunawa ƙiyasi ne da ke sauyawa duk lokacin da kamfani ya sabunta ma'auninsa. Yana kuma iya tono abin da babu wanda ya shirya ji game da uban wani, kuma sakamakonki yana fallasa 'yan'uwan da ba su ba da izini ba. A 2023 an sace bayanan mutum kusan miliyan 6.9 daga kamfanin gwajin DNA na 23andMe, a Faransa kuma doka ta hana sayen irin wannan gwaji don raɗin kai. Idan akwai takamaimiyar tambaya, misali ko wani reshe da aka daɗe da rabuwa da shi naku ne, a gwada mafi tsufa a kowane ɓangare, bayan an yi masa bayanin abin da ka iya fitowa ya kuma amince.