Filin Tambayoyin Gini: Bangon da Ba Ya Kwasar Zance

Tambaya: Assalamu alaikum. Na raba babban ɗaki gida biyu da katakon tubaifo, aka rufe fuska biyun da allon jifsam. Kafinta ya cusa audugar gilashi har ta cika maƙil, amma ko tari aka yi a ɗaki ɗaya sai an ji a ɗayan. Ina aka kuskure, kuma in zan sake yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, auduga ba ta yi laifi ba, katakon ne ke kai rahoto. Ka kanga kunnenka a bangon daidai layin sukurori, ka sa wani ya ƙwanƙwasa ta ɗaya gefen, sannan ka matsa tsakiyar katako biyu a sake. Za ka ji na farko ya fi kaifi. Murya tana girgiza allo, allo ya girgiza katakon da aka ɗaure shi a kai, katakon kuma ya miƙa wa allon ɗaya ɗakin. Auduga tana shanye sautin da ke yawo a cikin iskar ramin bango ne kawai, wanda ya bi ta katako kuwa ya wuce ta gefenta.

Akwai ma'aunin da ake kira STC a Amurka, yawan lambarsa yawan tare sauti. Bango irin naka, katako mai faɗin milimita 89 da allo mai kaurin 12.5 a kowace fuska, yana wajen 33 zuwa 35. Auduga ba ta ƙara masa fiye da 'yan maki kaɗan. Dokar ginin da yawancin jihohin Amurka ke bi kuwa 50 take nema tsakanin gidaje biyu masu bango ɗaya. Ka ga da sauran tafiya.

Maganin shi ne kada katako ɗaya ya taɓa allunan biyu. Hanya ta farko ita ce jeren saɓani. Katakon kwance na ƙasa da na sama a sa mai faɗin milimita 140. Na tsaye kuma tubaifo ne dai, amma ɗaya a jingina shi da bakin dama, na gaba da bakin hagu, haka har ƙarshe. Kowace fuska tazarar katakonta santimita 60, wato duk santimita 30 akwai katako, yana sauya gefe. Tsakanin kowane katako da allon da ba nasa ba za a sami rata ta kusan santimita 5. Sai a saƙa audugar tana lanƙwasawa tsakaninsu, ba tare da an danne ta ba. In aka dunƙule ta da ƙarfi ita ma sai ta koma gadar da sauti zai bi. Wannan bango kan kai 45 zuwa 50, kaurinsa kuma santimita 16 da rabi. Rauninsa ɗaya: katakon kwance na sama da na ƙasa har yanzu na tarayya ne, sauti yana ɗan bi ta nan.

Hanya ta biyu ta fi, in fili ya yarda. A tayar da jere biyu daban, kowanne da katakonsa na ƙasa da na sama, a bar ratar santimita 2.5 ko fiye a tsakani, auduga a cikin kowane jere. Wannan yana haura 55, sai dai zai ci maka wajen santimita 23 na ɗaki. A nan ne kafintoci ke ɓata aiki da kyakkyawar niyya: sai su ga jeren yana ɗan motsi, su ɗauko guntun katako su haɗe biyun. Da wannan guntun an rushe abin da aka kashe kuɗi dominsa. Wani kuma ya ce bari ya ƙara allo na uku a tsakiya don bango ya yi ƙarfi. Kada ka yarda. Allon tsakiya yana raba babban rami ya zama ƙanana biyu, ƙaramin rami kuwa ya fi barin ƙara mai kauri, irin gunjin inji da dukan ganga, ta wuce. In kana da ƙarin allo, ɗora shi a waje kan na farko, ka goce mahaɗar don kada ta faɗa kan ta ƙasa. Ninka nauyin fuska kan rage ƙara da desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 5 zuwa 6, kunne kuma sai an rage wajen 10 yake jin ta ragu da rabi.

Ka tuna wa mai aikin cewa dogon rami a cikin bango hanyar gobara ce. A toshe shi a tsakankani da audugar dutse, yadda dokar ginin wurinku ta tanada.

Tambaya: An ɗaura mana siraran ƙarafan nan masu sassauci a kan katako kafin a sa allo, aka ce za su kashe ƙara. Ni dai ban ji bambanci ba. Yaudara ce?

Amsa: Malama, ƙarfen yana aiki, amma ba ya yafe kuskure. Ana ɗaura shi a kwance, tazarar santimita 60, gefe ɗaya kawai ke kama katako, allon kuma a ɗaure shi a jikin ƙarfen, ya zama kamar yana lilo. Abin da ya fi kashe shi tsawon sukuru ne. Allo mai kaurin milimita 12.5 sukuru mai tsawon 25 ya ishe shi. Da an sa dogo daidai kan katako, sai ya huda ƙarfen ya nutse ciki, allo ya manne. Ki danna bangon da tafin hannu: in ya ɗan ba da kai, da sauran rai, in ya yi tauri a wurare da dama, an ɗinke shi. Rataye kanta ko talabijin da dogayen sukurori ma haka yake yi. In kuwa a kan tsohon allo aka ɗora ƙarafan aka sake rufewa, an yi ƙaramin ramin da na ambata a sama, sai an cire an sake.

Kafin ki fasa komai, duba hanyoyin iska. Da dare ki kunna fitila a ɗaki ɗaya, ki kashe ta ɗayan, ki bi gindin bango da ƙarƙashin ƙofa da ido. Duk inda haske ya leƙo, sauti ma nan yake bi. A cike gefunan allo da danƙon da ba ya bushewa ya tsage. Soket biyu kada su ba juna baya. A raba su da aƙalla santimita 60, kowanne a raminsa. Bangon da ya tsaya a silin bai kai rufin sama ba, magana tsallake shi take yi ta sama.

Tambaya: Ginshiƙin ƙarfe ko na katako? Kuma kiret ɗin ƙwai yana tare ƙara?

Amsa: A jere ɗaya, siririn ƙarfe mai kaurin kusan rabin milimita ya fi katako, domin yana lanƙwasawa ya rage girgiza, mai kauri kuwa halinsa kusan na katako ne. Kiret ɗin ƙwai ba shi da nauyin da zai tare komai, ga shi da saurin kama wuta. Ka cire shi.