Sharaɗin yaren waje a jami'a: manhaja zan saya ko aji zan shiga?

Tambaya: Salam Yaya. Ina shekara ta biyu a wata jami'a a Amurka, sai yanzu mai ba ni shawara kan kwasa-kwasai yake ce min wai ba zan kammala digiri ba sai na yi simista huɗu na yaren waje. Ni kuma lokacina a cike yake wallahi. Ina tunanin in sayi Rosetta Stone ko in biya Duolingo na shekara in dinga yi a ɗaki, zai wadatar?

Wa'alaikumus salam ƙanena. Mayar da kuɗin nan aljihu tukuna. Manhaja za ta koya maka kalmomi, za ta ma iya sa ka gaisa da mutane, amma ba ta da ikon rubuta komai a takardar sakamakonka, kuma ofishin rajista abin da ke takardar nan kaɗai suke kallo, ko ka yi kwana ɗari biyar a jere kana danna waya ba ruwansu.

Hanyoyin da jami'o'in can suka saba karɓa sanannu ne. Ko ka zauna aji, ko ka yi jarabawar tantance mataki da sashen harsuna ke yi da kansa, in ka ci sosai su tsallakar da kai simista ɗaya ko biyu ko ma duka. Akwai kuma jarabawar CLEP ta hukumar College Board, wadda in ka ci take zama a madadin kwas, sai dai ita yarenta uku ne kacal, Faransanci da Jamusanci da Sifaniyanci, kuma ba kowace makaranta ke karɓarta ba. Wasu kuma kan yi kwas ɗin lokacin hutun bazara a ƙaramar kwaleji mai araha su dawo da kiredit ɗin, wato adadin da ake lissafa wa kowane kwas wajen cika digiri, shi ma sai makarantarka ta amince tun kafin ka biya, kar ka yi cinikin biri a sama.

To amma abin da ya fi ba ni mamaki a saƙonka, da Hausa ka rubuto min fa. A wajensu Hausa ai yaren waje ce! Makarantu da yawa suna ɗauke wannan sharaɗin ga ɗalibin da ya nuna ya ƙware a wani yare ban da Turanci, wani wuri da takardar sakandare, wani wuri su nemo malami ya gwada ka, wani wuri kuma su tura ka hirar baki da ake yi ta waya irin ta ACTFL, wato ƙungiyar malaman harsunan waje ta Amurka. Inda mutane ke faɗuwa shi ne rubutu, don iya zuba surutu daban, iya rubuta shafi biyu da ƙa'ida da ƙugiya a inda take daban, saboda haka in sun ce akwai gwajin rubutu kar ka shiga da gadara.

Ka lura da abu ɗaya kuma, ɗauke sharaɗi ba shi ne ba da kiredit ba. In an yafe maka yaren, yawanci kiredit 120 ɗin nan na digiri suna nan daram, sai dai ka cike gurbin da kwas ɗin da ranka ke so. Ka tura imel ga sashen harsuna, amsar ta zo a rubuce ka adana ta, don maganar baka ranar kammalawa ba wanda zai tuna ya faɗa.

Tambaya: Yaya ni dole sai na shiga ajin. Ina tsakanin Sifaniyanci da Larabci da yaren Sin, ina ɗan iya karanta Larabci. Wanne ya fi? Sannan littafin da aka rubuta mana tsada, na ga na hannu a intanet kusan kyauta.

Ƙanwata in sauƙi kike nema, cibiyar da ke koya wa jami'an diflomasiyyar Amurka harsuna ta kasa su aji-aji ga mai jin Turanci, Sifaniyanci da Faransanci mako 24 zuwa 30, Larabci da yaren Sin da Japananci da Koriyanci kuwa mako 88, wato awa 2,200. Amma wannan lissafin na wanda bai san alif ba ne, ke da kin riga kin san baƙaƙe da wasulla kin wuce wahalar makonnin farko, ki je ki yi jarabawar tantancewa ki ga inda za su ajiye ki. Ki sani dai ajin jami'a nahawu ne da magana da rubuta insha'i, karatu kaɗai ba zai kai ki ba. Yaren Sin ni ba zan ce ki ɗauka don cika sharaɗi kawai ba, sai in da gaske kina da niyyar aiki da shi, in ba haka ba zai cinye miki lokacin sauran kwasa-kwasan ya ja makinki ƙasa.

Ko wanne kika zaɓa ki fara yanzu ki jera su ba tsallake, ajujuwan a jere suke, kuma yaren da ɗalibansa ba su da yawa sau da dama matakin farko sau ɗaya ake buɗe shi a shekara, kin ga in kika bari sai shekarar ƙarshe lissafin ba zai fita ba.

Littafin hannu kuma a yi hattara. Yawancin littattafan koyon yare yanzu suna zuwa da lambar shiga shafin da ake yin aikin gida, lambar nan mutum ɗaya take yi wa aiki, wanda ya sayar miki ya riga ya ƙone ta. Ki tambayi malamin ko da shafin zai ba da maki. In eh, ki duba farashin lambar ita kaɗai, sau da yawa da littafin a cikinta na karantawa a kwamfuta, ki kuma duba simista nawa take ɗauka kafin ta mutu.

Tambaya: Ɗana zai tafi karatu Jamus ko Faransa, wani ya ce zai samo mana satifiket ɗin yare ba sai yaron ya zauna jarabawa ba.

Baba don Allah kar ku ba shi ko sisi. Jami'o'i suna iya tantance sakamakon daga wajen masu jarabawar, ranar da aka gano na bogi ne gurbin ya tafi, biza ma ta shiga matsala. Kuma ko ya tsallake, da wane kunne zai ji lakca? Jamus galibi jarabawar Jamusanci ta TestDaF suke so da mataki na 4 a duka ɓangarorinta huɗu, ko jarabawar DSH da mataki na 2, wato DSH-2. Faransa kuma yawanci jarabawar Faransanci ta DELF matakin B2, ita takardarta ba ta mutuwa, saɓanin ta jarabawar TCF da ke ƙarewa bayan shekara biyu kamar IELTS da TOEFL na Turanci. Takardar halartar aji da cibiyoyin koyon yare ke bayarwa ba ita ce satifiket ɗin jarabawa ba, ku buɗe shafin kwas ɗin da yaron zai nema ku ga sunan jarabawar da aka rubuta, kuɗin ku zuba shi a kan malami da rajistar waccan.