Ga 'yar'uwar da barcin rana ya hana sakat

Wallahi 'yar'uwa da na karanta tambayarki sai da ƙwalla ta taru min. Kin ce tun da kika fara rage ƙiba kin daina karyawa, ruwan shayi kawai kike sha, amma da kin ci abincin rana sai barci ya danne ki, kuma kina tsoron ko suga ne. Ni ma na sha wannan wahalar a nan Birnin Kebbi, kuma har yau ban huce ba.

Likita ce ta ce sugana yana kan iyaka, in rage nauyi. Sai wata mata mai sayar da shayin rage tumbi ta WhatsApp ta same ni, baki kamar zuma, Hajiya kaza Hajiya kaza. Ta ce in sha safe da dare, kada in sa komai a baki sai bayan azahar. Shayin nan gudawa kawai yake sa ni, ga zafin watan Afrilu da ke wuce digiri 40, jikina duk ya bushe. Azahar na yi sai in faɗa wa tuwon shinkafa da yunwar wuni guda, in kora da zoɓo mai sanyi, ko kwano ban ɗauke ba idona ya rufe. Da na kira ta na yi ƙorafi, kin san abin da ta ce? Wai kitsen ne ke narkewa, in ƙara ƙunshi biyu.

Ranar da ba zan manta ba, na ɗora mai a wuta zan soya kifi, na ce bari in ɗan zauna a tabarma kafin ya yi zafi. Ihun maƙwabciyata ne ya tashe ni. Autana, lokacin bai daɗe da fara tafiya ba, yana tsaye gaban murhu ya miƙa hannu zai kama bakin kaskon, man har ya fara hayaƙi. Ta fizgo shi ta wuyan riga. Na yunƙura in tashi ƙafafuna suka ƙi, ina kallon ɗana ina rawa. Da dare uwar mijina ta ce a gaban kowa ragwanci ne da son jiki, macen da ta cika ba ta barci da rana. Ba wanda ya ce ko lafiya. Na tura wa mai shayin abin da ya faru, ta karanta, ta toshe lambata. Har yanzu ina ganin tallanta da hotunan mata kafin da bayan sha. Allah Ya isa tsakanina da ita, ban yafe ba.

Don Allah kada ki zauna kina hasashe, ki gwada. Suga in ya hau yana kawo kasala da barci, in ya faɗi ma haka, kuma abin da ake yi wa ɗayan ba shi ake yi wa ɗayan ba. Kemis da yawa suna da na'urar da ake ɗan tsira yatsa. Ki gwada da safe kafin ki ci komai: ƙasa da 100 lafiya lau, 100 zuwa 125 kan iyaka ne, 126 zuwa sama in ya maimaita ciwon suga ne. Wasu na'urorin ƙananan lambobi suke nunawa, a can 5.6 da 7 ne iyakokin. Ki sake gwadawa awa biyu bayan cin abinci, mai lafiya yakan kasance ƙasa da 140. Ni sugana a daidai lokacin barcin nan yake tashi sama. A asibiti kuma aka gano ina da ƙarancin jini, wanda shi kaɗai ma yana sa mutum gyangyaɗi, don haka ki ce a duba miki har da shi.

In kuwa kina shan maganin suga irin Daonil ko kina allurar insulin, barin karin kumallo haɗari ne babba. Suga na iya sauka ƙasa da 70, ki ji rawar jiki, zufa mai sanyi, jiri, zuciya na bugawa. In haka ta faru ki jiƙa sukari babban cokali ɗaya ki sha nan take, bayan minti 15 ki sake gwadawa, sannan ki je wurin likita.

Ni abin da ya dawo da ni shi ne karyawa. Ƙosai ko dafaffen ƙwai da koko ba sukari, wani lokaci wake. Da rana malmala ɗaya, miya da yawa, kwaɗon zogale ko rama a gefe, ga kifin Yauri Allah Ya hore mana. Fura ban bar ta ba, sukarin na bari na kuma rage yawanta. In na gama ci ba na kwanciya, sai in yi ta zagaya tsakar gida kamar minti 10 zuwa 15. Ruwa kuma ki sha sosai.

Ki tambayi maigida ko kina minshari mai ƙarfi, ko numfashinki na ɗaukewa cikin barci. Masu jiki muna yawan samun wannan, ka kwana amma ka tashi a gajiye. Ga rashin wuta da sauro, wa ke samun barcin kirki da dare a wannan zafin?

Kuma ki toshe kunnenki ga 'yan biki masu cewa "kai, wance kin ƙara". Su ne ke tura mu hannun masu shayin nan. Likitata ta ce ko kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari na nauyina na sauke zai taimaki sugan sosai, mai kilo 90 ke nan kilo 5 ko 6 kawai, a hankali cikin watanni.

Ba ki faɗa mana ko kina shan wani magani ko shayin rage ƙiba ba. Ki faɗa don Allah, kuma in kin yi gwajin ki dawo mana da lambobin, ina nan ina jira. Allah Ya ba ki lafiya.